Haɗa allon ciniki da rumbun BigQuery: me ya sa lissafin allo ya saɓa da littafin Alhaji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da ɓangaren intanet na shagon kawuna a Kano. Muna sayar da atamfa, shadda, leshi da turare ta shafinmu na WooCommerce, manhajar shagon intanet. Wasu suna biya ta Paystack, wasu kuma sai mun yi magana a WhatsApp su turo kuɗi ta banki. Wani ya taimaka ya saita mana Airbyte tana kwasar odoji zuwa BigQuery, rumbun ajiye bayanai na Google, haka ma bayanan Google Analytics suna zuba can. Yanzu Alhaji yana son ya buɗe wayarsa da safe ya ga cinikin jiya. Na gwada Looker Studio, manhajar Google ta gina allon rahoto, ya ce ba ni da izini. Da na ba asusuna cikakken iko sai ya haɗu, amma adadin da ya nuna ya kusa ninka abin da ke littafi sau uku. Kuma an tsorata ni cewa Google na iya turo mana bil mai nauyi. Ta ina zan fara? Ko Power BI, irinsa na Microsoft, ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Ka kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace, kuma Looker Studio bai yi maka ƙarya ba. Abin da ka tambaye shi ya amsa, tambayar ce ba ta daidaita ba. Daga cikin matsalolin nan uku da ka kawo, ta izini da ta lissafi da ta kuɗi, biyun ƙarshe jijiyarsu ɗaya ce: ka jona allon kai tsaye da ɗanyen teburan da Airbyte ke zubawa. Waɗannan teburan kamar sito ne ranar da mota ta sauke kaya, dila kan dila, wasu an buɗe, wasu an dawo da su, wasu ma ba na shagon ba ne. Babu mai kai Alhaji cikin wannan hargitsi ya ce masa ga cinikin jiya. Sai an tsince, an jera a kanta. Danna maɓallin haɗawa aikin minti goma ne, jera kantar shi ne zai ci maka sati ɗaya ko biyu.

Bari mu fara da izini, tunda shi ne mai sauƙi, kuma akwai abin da nake so ka gyara yau kafin ka kwanta. Cikakken ikon da ka ba asusunka domin allo ya haɗu, ka janye shi daga duk asusun da allon ke amfani da shi. Mai wannan ikon yana iya goge rumbun gaba ɗaya, allo kuwa karatu kawai yake bukata. Abin da ke rikita mutane a BigQuery shi ne ikon ganin bayani daban, ikon gudanar da tambaya daban. Na farko shi ne BigQuery Data Viewer, ana bayar da shi a kan tarin teburan da kake son a karanta kaɗai. Na biyu shi ne BigQuery Job User, ana bayar da shi a kan furojet ɗin Google Cloud da zai biya kuɗin tambayoyin. Idan ka ga saƙon ƙin izini yana ambaton bigquery.jobs.create, to na biyun ne babu, kuma kusan na tabbata shi ka gani. Mutum yana ganin sunayen teburansa ƙuru-ƙuru amma an hana shi tambayarsu, sai ya fusata ya ba kansa komai. Idan Power BI ne, akwai na uku, BigQuery Read Session User, saboda yana jan bayanai ta wata ƙofa ta musamman mai sauri. Rashinsa kan sa ka ga jerin tebura lafiya lau, amma da ka ce a ɗauko sai ya tsaya.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: da sunan wa allon yake shiga rumbu? A Looker Studio akwai zaɓi uku. Ko ya shiga da sunan wanda ya ƙirƙiri haɗin, ko da sunan duk wanda ya buɗe allon, ko da asusun aiki, wato asusun da ba na mutum ba ne, na na'ura ne. Na farkon shi ne yake zuwa da kansa idan ba ka taɓa komai ba, kuma na taɓa ganin inda ya kai mutane. Wani kamfani da na yi wa aiki, yaron da ya gina musu alluna ya sami wani aikin ya tafi, aka rufe imel ɗinsa kamar yadda ya dace. Washegari da safe duk jadawalan suka koma farin fili da alamar kuskure, manaja yana ta kiran mai intanet yana faɗa, alhali layin lafiyarsa ƙalau. Zaɓi na biyu kuma yana nufin sai ka ba Alhaji da akawunsa da kowa izini a cikin BigQuery, wanda ba ka so. Asusun aiki ne ya fi, sai dai Looker Studio yana ba da wannan zaɓin ne ga masu Google Workspace ko Cloud Identity. Idan Gmail na kowa da kowa kuke amfani da shi, ku buɗe adireshi ɗaya na shago, ba naka ba, ba na Alhaji ba, a sa masa matakin tsaro na biyu, a ba shi waɗancan izini biyu kawai, shi ya mallaki haɗin.

Yanzu lissafi, a nan zan daɗe.

Ninkin nan da ka gani, ina da zato mai ƙarfi kan inda ya fito. Kowace oda tana da jimillarta guda ɗaya, amma tana ɗauke da kayayyaki da yawa. Mu ƙaddara wata Hajiya a Abuja ta sayi turmin atamfa, da yadi biyar na shadda, da kwalbar turare, duka naira 60,000. A teburin odoji layi ɗaya ne, 60,000. A teburin kayayyaki layi uku ne. Da ka haɗa teburan biyu domin ka ga wane kaya ya fi tafiya, sai 60,000 ɗin nan ta manne wa kowane layi daga cikin ukun. Allo ya tara, ya ba ka 180,000. Kuɗin aika kaya ma haka, idan 3,500 ne sai ya koma 10,500. In dai yawancin kwastomominku suna ɗaukar kaya biyu zuwa uku a oda, ka ga dalilin da ya sa ninkin ya kusa uku amma bai cika ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka ƙirga layukan teburin da allon ke karantawa, sannan ka ƙirga lambobin oda ba tare da maimaici ba. Idan adadin biyu suka bambanta, ka kama ɓarawon. Maganinsa kuwa shi ne kowane tebur ya san abin da layinsa ɗaya yake nufi. Tebur ɗaya, layi ɗaya oda ɗaya, daga shi ake ɗaukar jimillar ciniki. Wani tebur, layi ɗaya kaya ɗaya, daga shi ake ɗaukar abin da ya fi tafiya, kuma kuɗin da ke cikinsa kuɗin wannan kayan ne kaɗai.

Akwai ninki na biyu da ke iya ɓoyewa a bayan na farko. Ka duba yadda aka saita Airbyte. Idan an bar ta a tsarin da ke ƙara sabon layi duk lokacin da oda ta canza, to oda ɗaya za ta iya bayyana sau uku ko huɗu: lokacin da aka yi ta, lokacin da aka biya, lokacin da aka kammala. Akwai tsarin da ke cire maimaici ya bar na ƙarshe, shi kake so. Idan ba za ka iya canzawa ba, a cikin tambayarka ta SQL, wato harshen da ake tambayar rumbu da shi, ka riƙa ɗaukar layin da ya fi sabunta ga kowace lambar oda.

Sannan ba duk abin da ke teburin odoji ne ciniki ba. WooCommerce tana ajiye odar da aka fara ba a biya ba, da wadda biyanta ya gaza, da wadda aka soke, da wadda aka mayar da kuɗinta, duk a wuri ɗaya, matsayinsu ne kawai ya bambanta. Ka san halin katin banki da layin waya a ƙasar nan: mutum ya gwada biya, ya ƙi, ya rufe shafin, ya dawo bayan awa ɗaya ya sake cika kwando. Odoji biyu ke nan a rumbu, kuɗi ɗaya a banki. A mafi yawan shaguna, masu matsayin processing da completed ne ake ƙirgawa, amma kar ka ɗauki wannan daga bakina, ka duba yadda yaran shagonku suke amfani da matsayin. Na san inda ake barin duk odar da aka biya ta tiransifa a on-hold har abada saboda babu wanda aka gaya wa ya canza ta.

Ƙananan tarkuna biyu. Paystack a kwabo take rubuta kuɗi, naira 25,000 za ka gan ta 2500000, sai an raba da 100. WooCommerce kuma jimillar oda a matsayin rubutu take turo ta, ba lamba ba, sai ka mayar da ita lamba, kuma ka zaɓi nau'in NUMERIC, kar ka zaɓi FLOAT64, domin shi yana kawo 'yan gutsattsarin kwabo da ke hana lissafi rufewa daidai.

Wanda ya fi ba ni wahala a rayuwata shi ne agogo. BigQuery da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, yake ajiye lokaci, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da shi da awa ɗaya. Odar da aka yi ƙarfe 12:30 na dare a Kano, a rumbu 11:30 ce ta daren jiya. A watannin da mutane ke barci da wuri ba za ka lura ba, oda ɗaya ce ko biyu. Bari goman ƙarshe na azumi su zo, an dawo daga asham, ana jiran tahajjud, kowa waya a hannu yana neman kayan Sallah. Wannan awa ɗayar sai ta zama kasuwa guda. Na zauna da wani mai shago a irin wannan lokaci, littafinsa mai jan bango a kan cinyarsa, biro a kunne, wayarsa a hannu, yana duban nan yana duban can. Jimillar mako ta yi daidai har kwabo, amma babu rana ɗaya da ta dace da littafi. Ya ajiye wayar ya ce da ni, a hankali, wannan abin naku dai ado ne. Layi ɗaya ne ya gyara shi, DATE(lokacin_oda, "Africa/Lagos"), amma sai da aka yi wata biyu kafin ya sake buɗe allon da kansa. WooCommerce tana ba da lokaci kala biyu, date_created da date_created_gmt. Ka ɗauki na biyun, ka juya shi zuwa agogon Legas da kanka, sau ɗaya, a wuri ɗaya. Idan kuna da reshe a Kumasi ko Akara, su agogonsu daidai yake da UTC, sai ku yanke shawarar da agogon wa ake rufe rana.

Duk waɗannan gyaran hannu ne. Wanda ba na hannu ba shi ne ma'anar kalmar ciniki, kuma wannan ba kai za ka yanke ba. Ka sami Alhaji bayan la'asar, lokacin da kasuwa ta lafa, ka tambaye shi: in ya ce cinikin jiya, me yake nufi? Kuɗin kaya kawai, ko har da kuɗin aikawa da ke wucewa hannun direba? Kafin ragi ko bayan ragi? Kayan da aka saya ranar Litinin aka dawo da su ranar Alhamis, daga wace rana za a cire? Sannan abin da kwastoma ya biya ba shi ne ke shiga banki ba. A tsarin da Paystack ta daɗe tana amfani da shi na cikin gida, tana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ba ta wuce naira 2,000, kuma ana yafe naira 100 ɗin ga abin da bai kai 2,500 ba. Odar Hajiyar nan ta 60,000, 59,000 ce za ta iso, kuma ba ranar ba, sai ranar aiki ta gaba. Cinikin Juma'a da Asabar da Lahadi yana iya faɗowa tare ranar Litinin. Idan littafin Alhaji yana bin alat na banki ne, allonka kuma yana bin ranar oda, to ko shekara kuka yi ba za su haɗu ba, kuma babu mai laifi. Ni na fi son a nuna biyun gefe da gefe da sunaye na zahiri: abin da aka sayar, da abin da ya shigo banki. Duk abin da kuka amince a kai, ka rubuta shi da Hausa a ƙasan allon, layi biyu ko uku.

Ka ambaci WhatsApp a wuce, amma ina zargin rabin cinikinku ko fiye can yake. Wannan bai taɓa bi ta WooCommerce ba, don haka babu shi a rumbu. Hanya mafi tsabta ita ce yaran shago su riƙa shigar da kowace irin wannan oda cikin WooCommerce da hannu. Idan sun ƙi, kuma sukan ƙi in kasuwa ta yi zafi, a buɗe musu Google Sheets mai ginshiƙai kaɗan: rana, kaya, adadi, kuɗi, hanyar biya. BigQuery yana iya karanta shi kamar tebur. Sai dai kar allo ya karanta shi kai tsaye, domin ranar da wani ya rubuta "dubu 15" a gurbin 15000, komai zai tsaya. A kwafo shi kullum zuwa tebur na gaske, a ware layukan da ba su karantu ba a gefe.

To, ga kantar. Ka buɗe sabon tarin tebura a BigQuery, ka sa masa suna kamar rahoto. A ciki ka gina tebura biyu ko uku kacal: odoji tsabtatattu, kayayyaki tsabtatattu, da taƙaitaccen ciniki na kowace rana. BigQuery yana da tsarin tambaya mai maimaita kanta a kan lokaci, ka saita ta ta riƙa sake gina su da asuba bayan Airbyte ta gama kwasa. Duk gyaran da na lissafa, cire maimaici, tace matsayi, raba kwabo, juya agogo, a cikin wannan tambayar yake zama. Allon kuma wannan tarin kawai yake da izinin gani. Idan tambayoyin suka yi yawa har suka fara dogara da juna, akwai dbt da Dataform da aka yi domin tsara su, amma shago ɗaya mai tebura uku bai kai nan ba tukuna. Abu ɗaya ka duba kafin ka ƙirƙira: yankin da teburanka suke. Ana zaɓar yanki ne ranar buɗe tarin, ba a canza shi daga baya, kuma a al'ada ba ka haɗa teburin da ke Amurka da wanda ke Turai a tambaya ɗaya sai ka kwafo ɗaya. Google ta buɗe yanki a Johannesburg a farkon 2024, amma kar kusanci ya ruɗe ka. Inda odojinka da bayanan Analytics suke, can za ka gina.

Maganar bil kuwa, wanda ya tsorata ka bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya maka yadda abin yake ba. Ajiya ba ta da tsada, gigabait 10 na farko kyauta ne kowane wata. Tambaya ce ke cin kuɗi, kuma ba da yawan amsar da ta fito ake caji ba, da yawan bayanin da aka karanta kafin a samo ta. A manyan yankunan Amurka da Turai, dala 6.25 ne kan kowane terabait tun 2023, terabait ɗaya na farko a wata kyauta. BigQuery ginshiƙi-ginshiƙi yake ajiye bayani, don haka ginshiƙan da ka ambata kaɗai ake karantawa. Shi ya sa SELECT *, wato a ɗauko duka ginshiƙai, take da tsada, kuma ƙara LIMIT 10 a ƙarshe ba ya rage komai a teburin da ba a tsara ba, an riga an karanta duka kafin a miƙo maka goman.

Odojinku ba su ne abin tsoro ba. Ko odoji dubu ɗari kuke da su, ba su taka kara sun karya ba. Bayanan Google Analytics ne ke kumbura, domin duk shafin da aka buɗa da duk abin da aka danna layi ne, kowace rana da teburinta, kuma ginshiƙin event_params shi kaɗai ya fi sauran nauyi. Kowane jadawali a kan allo tambayarsa daban yake aikawa. Mu yi lissafi na misali. Allo mai jadawali 12, kowanne yana karanta gigabait 20 saboda an bar shi yana bin tarihin gaba ɗaya, buɗewa ɗaya gigabait 240 ke nan. Mutum biyar suna buɗewa suna canza kwanan wata sau huɗu a rana, buɗewa 20, gigabait 4,800, kusan dala 30 a rana. A wata ka doshi dala 900, kai ka juya ta zuwa naira, ni ba zan ɓata maka rai ba. Yanzu a ce allon nan taƙaitaccen teburi mai megabait 50 yake karantawa. Buɗewa 20 ɗin nan gigabait 12 ne a rana, 360 a wata, ba ka ma cinye rabin kyautar ba. Kantar da ta gyara lissafi ita ce ta kashe bil ɗin.

Duk da haka ka sa birki, domin wata rana wani zai jona abin da bai kamata ba. A nan akwai kuskuren da nake gani kullum: mutane suna saita kasafi a shafin biyan kuɗi na Google Cloud su ɗauka sun tsare kansu. Kasafin nan imel kawai yake turowa, ba ya tsayar da komai, mita tana ci gaba da juyawa kana barci. Abin da ke tsayarwa shi ne ƙayyade adadin bayanin da tambayoyi za su iya karantawa a rana, ana saita shi a sashen Quotas, ga furojet duka ko ga kowane mai amfani. Ka sa, misali, gigabait 100 a rana. In aka kai, tambayoyi su tsaya sai gobe. Gara Alhaji ya ga allo ya ƙi buɗewa ya kira ka, da ya ga bil ya kira ka. Manyan teburanka kuma ka raba su kwana-kwana bisa ranar oda, yadda tambayar makon jiya za ta buɗe ɗakuna bakwai kawai, akwai ma zaɓin da ke ƙin duk tambayar da ba ta faɗi kwanakin da take so ba. Idan kana son sanin wa ke cin kuɗin, INFORMATION_SCHEMA.JOBS yana riƙe da tarihin kwana 180, da imel ɗin mai tambaya da adadin da aka caja. Sannan Looker Studio yana riƙe amsa na awa 12 kafin ya sake tambayar rumbu idan ba ka canza ba. Tunda da asuba kawai teburanka ke sabuntuwa, ka bar shi haka. Masu mayar da shi minti-minti domin su ga ciniki yana motsi, kuɗi suke ƙonawa a kan bayanin da bai canza ba tun safe.

Game da Power BI, ba zan ce bai da kyau ba, ya fi Looker Studio ƙarfi wajen lissafi mai sarƙaƙiya, kuma idan akawunku ɗan Excel ne zai ji kamar gida. Amma manhajar gina rahotonsa a Windows kawai take aiki, rabawa da wasu cikin sirri sai da lasisin wata-wata ga kowane mutum, kuma a lasisin Pro sau takwas a rana ne iyakar sabuntawa ta kai-da-kai. Idan kuka koma can wata rana, ka zaɓi Import, wanda ke ɗauko bayanin ya ajiye, maimakon DirectQuery, wanda ke aika tambaya rumbu duk dannawa. Ka kuma guji Publish to web kamar wuta: duk wanda ya sami adireshin zai ga cinikinku ba tare da kalmar sirri ba. Metabase ma, wata manhajar gina allo, yana nan, kyauta ne idan za ka iya riƙe sabar da kanka, sai dai yana bukatar fayil ɗin mabuɗin asusun aiki, kuma wannan fayil ɗin mabuɗin sito ne, ba a tura shi a WhatsApp. Ga shago ɗaya da mutum biyar, wanda bayanansa suna hannun Google tuni, Looker Studio ya wadatar. Shi ne wanda ake kira Data Studio kafin a canza masa suna a 2022, idan ka ci karo da tsofaffin darussa. Tunda duk aikin yana cikin teburan rahoto, sauya allo daga baya aikin yini ɗaya ne.

Abu na ƙarshe da ba ka tambaya ba. Ɗanyen teburin odoji yana ɗauke da sunayen kwastomomi, lambobin wayarsu, da adireshin gidajensu, yawancinsu kuma matan aure ne da suka yarda da ku. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora muku nauyin tsare su, ko babu doka ma amana ce. Kar ɗaya daga cikin waɗannan ya shiga tarin rahoto. Jiha ko gari ya isa a san inda kaya ke tafiya. In kana son ƙirga masu dawowa sayayya, lambar kwastoma ta ishe ka. Ɓoye ginshiƙi a kan allo ba tsaro ba ne, duk mai ikon gyara rahoton zai iya dawo da shi.

Kafin ka nuna wa Alhaji komai, ka zaɓi rana ɗaya da ta wuce, wadda odojinta ba su fi talatin ba. Ka buga jerinsu daga teburinka a takarda, ka ari littafin, ka zauna da yaron da ya rubuta shi, ku bi su ɗaya bayan ɗaya da biro. Za ku tarar da biyu ko uku da ba su dace ba: wata an biya rabi ta Paystack rabi a hannu, wata an yi wa ƙanwar Hajiya ragin da ba a shigar ba, wata an rubuta ta sau biyu a littafin shi kansa. Kowacce ka rubuta dalilinta a gefen takardar. In ranar ta rufe har kwabo, ka ɗauki wata daga cikin goman ƙarshe na azumin bara ka maimaita. Allon farko kuma kar ya wuce lambobi huɗu da jadawali ɗaya, manya-manya yadda za su karantu a waya ba tare da tabarau ba, da layi a sama mai nuna ranar oda ta ƙarshe da ta shigo rumbu, domin ranar da Airbyte ta tsaya cikin dare a gane tsayawa ta yi, ba kasuwa ce ta mutu ba. In ka gama gwajin, ka turo mini tambayar SQL ɗin da ka rubuta, ka cire sunan furojet, in duba maka ita.